Ƙayar Kifi da Kwalbar Magani: Tarihin Abin da Ake Zubarwa

A shagunan sayar da magani na Gusau, kamar na sauran biranen Arewa, akwai insulin iri biyu da masu ciwon suga suka saba da su. Ɗaya garau yake kamar ruwan sha. Ɗayan kuwa fari ne kamar nonon da aka sirka da ruwa, kuma sai an mirgina kwalbar a tafin hannu kafin a zuƙa cikin allura. Na biyun shi ne mai daɗewa a jiki, wanda kan kai mai ciwo daga safiya zuwa dare. Abin da ya ba shi wannan launi da wannan jinkiri wani sinadari ne mai suna furotamin, wanda daga maniyyin kifi aka fara samo shi, kuma har yau daga na kifin salmon ake tace shi.

Maniyyin kifi yana cikin tarkacen da ake cirewa wajen gyaran kifi, tare da hanji da hanta da fata da ɓawo da ƙaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a masana'antun da ke fitar da tsoka zalla, abin da ke raguwa kan iya kai kashi 70 cikin 100 na nauyin kifin, gwargwadon irinsa. A 'yan shekarun nan mujallun kimiyya sun cika da rubuce-rubuce cewa a cikin wannan tarkace akwai ƙananan sinadarai da za su iya sassauta hawan jini, su ƙarfafa ƙashi, su gyara fata, kuma kwalaben kolajin na kifi masu tsada sun fara bayyana a kantuna. Zamfara ba ta da teku, amma tana da yara masu tamowa da manya masu hawan jini. Don haka ya dace a duba abin da shekara 150 na wannan nema suka tabbatar, da abin da suka ƙaryata, da kuma ɓangaren da ya shafi mai sayar da banda a Tsafe ko mai kiwon tarwaɗa a Bungudu.

Carbi da 'ya'yansa

Furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai, ya yi kama da dogon carbi. 'Ya'yan carbin su ne amino asid, kuma iri 20 ne daga cikinsu ke shiga ginin jikin ɗan Adam. Idan carbin ya tsinke aka sami guntu mai 'ya'ya biyu ko biyar ko ashirin, wannan guntun shi ake kira peptayid. Masanin sinadarai na Jamus, Emil Fischer, shi ya raɗa masa sunan a 1902, daga wata kalmar Girkanci da ta shafi narkewar abinci. Cikin mutum yana yin wannan tsinkawa kullum, domin aikin sinadaran narkar da abinci ke nan: su yanka dogon carbi gunduwa-gunduwa har hanji ya iya tsotsewa.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne wasu daga cikin guntayen suna yin aiki a jiki irin na manzo mai ɗauke da saƙo. Insulin kansa jeri ne na amino asid 51, kuma shi ke umartar tsoka ta karɓi suga daga jini. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: idan an yanka furotin ɗin kifi a daidai wuraren da suka dace, ƙila a sami guntayen da ke ɗauke da saƙo mai amfani.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da yake ba da wannan suna aka san shi ba. Mai yin daddawa, idan ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku, ƙwayoyin halitta ne ke cin furotin ɗin kalwar suna sake shi a matsayin peptayid da amino asid. Binciken S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa ƙwayar Bacillus subtilis ce jagorar wannan aiki, kuma daga nan daɗin daddawa a miya yake fitowa. Haka nan romon ƙafar sa ko na ganda da kan daskare idan ya huce, kolajin ne da zafi ya warware. Bambancin daddawa da abin da ake yi a masana'anta shi ne a masana'anta ana zaɓen sinadarin da zai yi yankan, ana tsaida zafi da lokaci, ana kuma auna abin da ya fito.

Kifin kogin Rhine

Labarin ya fara ne da wani matashin likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher. A 1869, a birnin Tübingen na Jamus, ya riƙa karɓo tsummokin ɗaurin rauni daga asibiti yana nazarin mugunyar da ke jikinsu, har ya tace wani sinadari daga tsakiyar ƙwayoyin halitta, wanda daga baya duniya ta san shi da DNA. Da ya koma garinsu Basel, sai ya ga kogin Rhine cike da kifin salmon da ke haurowa daga teku domin hayayyafa, kuma maniyyinsu ya fi mugunya tsafta da yawa. A ciki ne ya gano, a 1874, wani ɗan ƙaramin furotin da ke manne da wancan sinadari, ya sa masa suna furotamin. Bai san amfaninsa ga maras lafiya ba, kuma ya rasu a 1895 ba a sani ba.

Sai da aka gano insulin a Toronto a 1921 sannan buƙatar ta taso. Insulin na farko, wanda shi ma daga kayan cikin shanu da aladu na mayanka ake tace shi, ba ya wuce 'yan sa'o'i a jiki, don haka mai ciwo kan sha allura sau da yawa a yini. A 1936, a Denmak, Hans Christian Hagedorn da abokin aikinsa Norman Jensen suka gano cewa idan aka haɗa insulin da furotamin na kifi, yakan dunƙule ƙarƙashin fata ya riƙa narkewa sannu a hankali. A 1946 kamfanin Nordisk ya kammala nau'in da ake kira NPH, wanda harafinsa na ƙarshe sunan Hagedorn ne, na tsakiya kuma furotamin. Shi ne farin insulin ɗin da ke cikin firjin mai magani a Gusau. A shekarun 1930 ɗin dai aka gano cewa furotamin yana karya ƙarfin hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa, kuma har yau da shi ake dawo da jinin mutum daidai bayan tiyatar zuciya. Dukansu biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Shekara 62 ke tsakanin ganowar Miescher da aikin Hagedorn. Abin da ya cike wannan tazara shi ne tacewa har sinadari ya fita shi kaɗai, da sanin adadin da ake bai wa mutum, da gwaji a kan marasa lafiya.

Maciji, hawan jini da busasshen kifin Japan

Da'awar da ta fi yawa a yau ita ce peptayid na kifi yana sauke hawan jini, kuma tushenta yana wajen maciji. A 1965 wani masanin magunguna ɗan Brazil, Sérgio Ferreira, ya bayyana cewa dafin wani maciji na ƙasarsu mai suna jararaka yana ɗauke da peptayid da ke sa jijiyoyin jini su saki. Daga baya aka gane cewa suna toshe wani sinadari na jiki, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ACE, mai haddasa tsukewar jijiya. Kamfanin Squibb na Amurka ya gwada ɗaya daga cikinsu a kan mutane, ya kuma yi aiki, sai dai ta allura kawai, domin idan aka haɗiye shi ciki kan narkar da shi kamar kowane nama. Dole David Cushman da Miguel Ondetti suka ƙera wani ɗan ƙaramin sinadari mai kwaikwayon siffarsa wanda ciki ba ya iya tsinkawa. Shi ne kaftofiril, wanda Amurka ta amince da shi a 1981, kuma daga zuriyarsa lisinofiril da ake rubuta wa masu hawan jini a asibitocin Najeriya ya fito.

Masana a Japan suka tambayi kansu ko akwai irin waɗannan guntaye a cikin abinci. Japanawa suna da busasshen kifi mai tauri kamar itace da suke kira katsuobushi, wanda suke kankarewa su yi romo da shi. A 1992 masu bincike tare da Masaaki Yoshikawa na Jami'ar Kyoto suka narkar da shi da wani sinadari, suka fitar da peptayid da dama masu toshe ACE, ciki har da wani mai amino asid biyar. Wasu kuma suka samo mai amino asid biyu daga kifin sadin. Shekara guda kafin nan, a 1991, gwamnatin Japan ta kafa tsarin ba da lasisi ga abincin da aka yarda a rubuta masa wani amfani na lafiya, kuma waɗannan peptayid sun sami shiga a matsayin abinci ga wanda jininsa ya ɗan hau.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna sauƙi, amma yawancinsu ƙanana ne, na mutane gommai da 'yan makonni. Matsalar da Squibb ya ci karo da ita ba ta gushe ba: abin da ya toshe ACE a cikin kwalbar gwaji sai ya tsallake ciki da hanji kafin ya isa jini, kuma kaɗan ne ke tsallakewa. Da aka kai irin wannan da'awa gaban Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Tarayyar Turai, sai ta yanke a 2010 cewa ba a tabbatar da alaƙa tsakanin peptayid na wancan kifi da daidaituwar jini ba. A 2011 ta faɗi haka game da narkakken kolajin da lafiyar gaɓoɓi.

Inda aka yi tuntuɓe

Akwai darasi mafi tsada daga shekarun 1960. A lokacin hukumomin duniya sun gamsu cewa babbar matsalar yaran ƙasashe matalauta ita ce ƙarancin furotin, bisa cutar kwashiyoko da likita Cicely Williams ta bayyana a ƙasar Gana ta yau a shekarun 1930. Sai aka zo da dabarar niƙa kifi gaba ɗayansa, a cire mai da ƙarni da sinadari, a sami farin gari mara ɗanɗano da za a riƙa zubawa a abincin yara. An gina masana'antu a Agadir ta Maroko da Quintero ta Chile. A Amurka hukumar abinci da magunguna ta fara ƙin amincewa da garin a 1962, saboda an niƙa shi da kai da hanji, kafin ta yarda a 1967. Masana'antar gwaji da gwamnati ta buɗe a Aberdeen ta jihar Washington a 1971 ba ta kai shekara biyu ba aka rufe ta.

Garin ya fi ƙarfin aljihun waɗanda aka yi shi dominsu, ba ya narkewa a ruwa, kuma babu uwar da ta san yadda za ta dafa shi. A 1974 Donald McLaren na Jami'ar Amurka da ke Beirut ya rubuta a mujallar Lancet cewa an yi kuskuren fahimtar matsalar tun daga tushe, domin yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. An kashe kuɗi masu yawa wajen ƙera abin da masunta da matansu suka daɗe suna yi da rana da hayaƙi.

Ko maganin da ya yi nasara ma yana iya zuwa da sharaɗi. Kalsitonin na kifin salmon, peptayid mai amino asid 32, an shafe shekaru ana bai wa mata masu zaizayar ƙashi. A 2012 Hukumar Magunguna ta Turai ta ce a daina amfani da shi na dogon lokaci don wannan ciwo, bayan an ga ɗan ƙarin haɗarin sankara ga masu daɗewa a kansa. Fitowar abu daga kifi ba ta wanke shi daga illa.

Kifi a ƙasar Zamfara

Kogin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu kafin ya nufi Maradun. A wannan sashe nasa kogi ne na damina, da rani sai ya koma yashi da gurabun ruwa. Saboda haka su a nan sana'a ce ta lokaci, wadda Sarkin Ruwa ke tsara ta, ana kamun tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, a kuma tono gaiwa daga busasshen taɓo. Manyan masunta, Sarkawa, suna can yamma a fadamun Kabi da gaɓar Kwara, inda bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Tun da daɗewa, mafi yawan kifin da ake ci a Gusau baƙo ne, kuma a bushe yake isowa.

Isowar jirgin ƙasa daga Zariya ta mai da Gusau cibiyar auduga da gyaɗa, ta kuma haɗa ta da kasuwannin kudu. Daga baya hanyar mota ta Funtuwa, wadda ke shigowa ta Tsafe, ta karɓi wannan aiki. Ta kanta bandar tafkin Chadi daga Baga ke zuwa kafin rikicin Boko Haram ya durƙusar da wannan kasuwa, ta kanta kuma kifin ƙanƙara daga tashoshin jiragen ruwa na kudu ke zuwa yanzu, a hanyar da 'yan bindiga suka mayar abin tsoro.

Babban canji ga kogin ya zo ne da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara. An fi tunawa da ita saboda dubban mutanen da aka tasa da kuma manoman da 'yan sanda suka kashe a Afrilun 1980 sa'ad da suke neman diyya. Amma ta taɓa kifi ma. Binciken W. M. Adams da aka buga a 1985 ya nuna cewa madatsar ta rage ambaliyar da ke cika fadamun da ke ƙasa da ita, noman shinkafa ya ragu, kamun kifi ma ya ragu, domin a cikin ruwan ambaliya kifi ke hayayyafa. Tafkin da ya taru a bayanta ya zama sabon wurin su, sai dai masuntan ƙasa ba su ne suka ci moriyarsa ba.

A yau kifi yana shigowa Zamfara ta ƙofa uku: banda da busasshe daga nesa, na ƙanƙara daga teku, da tarwaɗar da ake kiwo a tankuna da ƙananan tafkuna. Hukumomin tarayya sukan ce Najeriya na buƙatar tan miliyan 3.6 a shekara, tana samar da kimanin kashi ɗaya bisa uku. A inda kifi ke da wannan tsada, ba a zubar da kai. Ana farfesu da shi, ana daka busasshe a zuba a miya, ƙaramin kifi kuwa har ƙayarsa ake taunewa. Tarkacen da masana'antun Turai ke neman yadda za su yi da shi, yawancinsa a nan tukunya yake shiga. Asarar da ake yi ta wani iri ce: kifin da ya ruɓe saboda an ɗauke wuta, da bandar da ƙwari suka cinye ta koma ɓurɓushi, da hanjin da ake watsarwa a bayan rumfa, kaɗan a nan kaɗan a can.

Kai daga Iceland, gari daga Jos

Najeriya ta daɗe tana cin ragowar kifin wasu ƙasashe. Busasshen kifin Norway, wanda Yarabawa ke kira panla, Ibo kuma okporoko, yana cikin kayan agajin da aka kai wa yaran Biyafara lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Iceland kuwa ta gina sana'a sukutum a kan busar da kawunan kifin kod da ƙashin bayansa da zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma Najeriya ce babbar kasuwarta. A ƙasar ce wani kamfani mai suna Kerecis ya mai da fatar wannan kifi abin rufe rauni da ƙuna, har kamfanin Coloplast na Denmak ya saye shi a 2023 kan kuɗin da ya kai dala biliyan 1.3. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kifi iri ɗaya ne, ana sauke shi da yawa a wurare kaɗan, cikin ƙanƙara tun daga jirgi, ta yadda fatar ke isa ɗakin aiki kafin ta fara lalacewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da ya cika a kasuwar Gusau a yau.

Misalin da ya fi kusa da Zamfara ya fito ne daga Jos. Akwai ciwon laushin ƙashi na yara, wanda ke barin yaro da gwame ko ƙafar baka. A Turai an gano a tsakanin 1919 da 1922 cewa ƙarancin bitamin D ne ke kawo shi, kuma man hantar kifin kod, wani tarkacen kifin, yana warkar da shi. Amma yaran Arewa ba su rasa rana ba, kuma rana ke sa fata ta samar da wannan bitamin. Likita Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka nuna a 1999 cewa a nan ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, domin tuwon hatsi ba ya ɗauke da shi sosai. A 2015 suka buga sakamakon wani gwajin inda suka kwatanta garin farar ƙasa da garin busasshen kifi da aka niƙa har ƙashinsa, kuma dukansu biyu sun warkar da yara da yawa cikin wata shida.

Wannan ba aikin peptayid ba ne, aikin ƙashi ne da furotin. Amma shi ne amfanin ragowar kifi da aka gwada a kan yaran Arewa da kayan da ake samu a kasuwarsu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Ga yaron da kunun gero zalla yake sha, cokalin garin kifi ya fi kowace kwalbar kolajin kusa da buƙatarsa.

Sharaɗin da ba a tsallakewa

Duk aikin da ke tattara tarkacen kifi wuri guda yana tattara dattinsa ma, kuma Zamfara ta san wannan da ɗacin rai. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma a jikin dabba ƙashi take bi ta zauna, wasu ƙarafan kuma hanta. Don haka duk wanda zai niƙa ƙashin kifi domin yara a jihar da ake haƙar ma'adinai kusa da ruwa, wajibi ne ya san ruwan da kifin ya fito, ya kuma kai samfuri a auna.

Haɗari na biyu yana kasuwa. Wasu 'yan kasuwa sukan fesa maganin ƙwari irin su Sniper a kan busasshen kifi don kada ƙwaro ya ci, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, har ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a 2019. Na uku yana cikin kifin ƙanƙara irin su taitus: idan ya narke ya daɗe cikin zafi, ƙwayoyin cuta kan samar da histamin a tsokarsa, wanda dafuwa ba ta kashe shi, kuma yana sa ƙaiƙayi da ciwon kai da gudawa. Rashin cika sharuɗɗan dubawa ne ma ya sa Amurka ta rufe ƙofarta ga tarwaɗar Najeriya a 2018.

Akwai wata dama da ta dace da wannan yanki idan an cika sharuɗɗan. Yawancin jelatin da ake yin kwanson magani da alewa da shi a duniya daga fatar alade da ƙashin shanu yake fitowa, wanda ya sa Musulmi da yawa ke neman na kifi, tun da kifi ba ya buƙatar yanka. Fatar karfasa da ta tarwaɗa suna da kolajin, kuma a Brazil likitocin Fortaleza sun gwada fatar karfasa wajen rufe ƙuna. Amma kafin a kai nan sai masu kiwo sun haɗa kai suna gyara kifi a wuri guda mai ruwa da sanyi.

Tarihin ya jera matakan da kansa. Na farko shi ne hana asara: murhun banda mai kyau, ma'aji mai hana ƙwari ba tare da guba ba, da ƙanƙarar da za a iya samarwa da hasken rana. Na biyu shi ne gari mai tsafta daga ƙananan kifi da kai da ƙashi, wanda aka auna aka tabbatar babu dalma ko maganin ƙwari a ciki, yadda ake mai da tunkuzar gyaɗa ƙuli-ƙuli bayan an matse mai. Hanji da sauran abin da mutum ba zai ci ba, ana iya jiƙa su su narke su zama abincin kaji ko taki. Na uku shi ne bincike: Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, suna iya nazarin peptayid na tarwaɗa da karfasa da gaiwa, muddin ba a tsaya a kwalbar gwaji aka fara talla ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kafin wannan lokaci, kusan ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Wanda likita ya rubuta wa lisinofiril a Gusau yana riƙe da abin da shekaru na gwaji suka tace daga dafin maciji, kuma babu garin kifi ko kwalbar kolajin da aka nuna za ta iya maye gurbinsa. Uwar da ke yaye a Tsafe ko Bunguɗu kuwa, idan ta sami busasshen kifi daga hannun da ta amince da shi, ta gasa shi ta daka har ƙayarsa ta tankaɗe, ta riƙa zuba cokali guda a kunun ɗanta, ta yi abin da likitocin Jos suka gwada suka ga amfaninsa.